Amfanin Sansanin Matasa a Lokacin Hutu

Wasu iyaye a nan Kwandiko sukan ce, "Ina amfanin sansani, ga noma yana jira?" Gaskiya ne, dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa. Amma abin yana da asali. William Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Glasgow a 1883, ya fara kai yaransa sansani a 1886.

A sansani yaro zai ɗebo ruwa, ya yo itace, ya hau dutse, da dare a karanta Littafi Mai Tsarki, a yi addu'a. Wanda ya ɗaukar wa ɗan'uwansa kaya a hanya ya fi mai haddar aya gane ƙauna.

Iyayenmu, ku ba mu mako guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.