Ga 'Ya'yan Zango Masu Aiki, Masu Reno, Masu Jinya

'Ya'yana, maganar da na fi ji daga bakinku a 'yan shekarun nan ita ce, "Inna, wallahi ba ni da lokaci." Na yarda da ku. Wadda ta tashi kafin kiran assalatu, ta yi wa tsohuwarta wanka, ta shirya yara makaranta, ta ratsa cunkoson baburan Wagadugu zuwa wurin aiki, ta dawo da yamma ta tarar da tukunya da wanki suna jiran ta, babu mai kiran ta malalaciya. Amma ina so ku san inda lokacin ya tafi, domin da yawanku kuna zargin kanku a kan abin da ba ku kuka jawo ba.

Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, suka yada zango a ƙasar Mosawa, wasunsu suka zauna. Unguwar da suka kafa, wadda ake kira Zangwetin, a da tana tsakiyar gari, kusa da babban masallaci da kasuwar Rood Woko. A can, gida ɗaya kan tara kaka da kishiyoyi da facaloli da 'ya'yan riƙo. In mace ta haihu, akwai mai dafa mata ruwan wankan jego, akwai mai dama kunun kanwa. In tsoho ya kwanta, wannan ta yi masa fifita, wancan ya juya shi, wata ta kawo koko. Babu wanda ya zauna ya raba aikin, yawan jama'a ne ya raba shi. Sai shekarar 2003 ta zo. A watan Mayu kasuwa ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A 2003 ɗin dai wani shiri da ake kira ZACA ya rushe unguwarmu da maƙwabtanta, aka ba wasu filaye a wajen Waga 2000, wasu a Niyoko, saura suka bazu inda Allah ya kai su. Garin kuma ya yi ta faɗi. Ƙidayar 2019 ta samu mutum sama da miliyan 2 da dubu 400 a cikinsa. Gwaggon da a da katanga ce kawai tsakaninku, yau sai kin sha mai a babur kafin ki gaishe ta. Daga 2015 kuma ma'aikatan gwamnati suka koma aiki a miƙe tun safe har la'asar, babu dogon hutun nan na rana da ake zuwa gida a duba yara da tsofaffi. Aikin mata biyar ya dawo kan mace ɗaya, ga kuma ofis ko shago a kanta.

Don haka sammako da gudu-gudu ba za su cike wannan giɓi ba, ko da kin daina barci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lokacin da kuke nema yana wurin 'yan'uwanku da maƙwabtanku, sai dai a zamanin nan ba ya zuwa da kansa. Sai an buɗe baki an nema, an kira suna, an sa rana.

Na san abin da ke rufe muku baki. Kunya ce, da tsoron a ce wance ta gaji da uwarta. Ki cire wannan a ranki, 'yata. Iyaye na duk wanda suka haifa ne, kuma in kin rungume jinyar ke kaɗai, kin hana 'yan'uwanki rabonsu na lada da albarka. Ki tara su, na gida su zo, na Abijan da Kumasi da Yamai su shigo ta WhatsApp. Kada ki ce, "Don Allah a riƙa taimakawa." In kika faɗi haka, kowa zai amsa da "Allah ya ƙara sauƙi," taro ya watse, ki koma inda kike. Ki ce, "Yaya, ranar Talata kai za ka kai Baba asibiti. Ƙanwata, daren Asabar da yinin Lahadi naki ne. Kai da kake nesa, kuɗin magani ne naka, ka turo ta waya kafin biyar ga wata." A rubuta, a karanta wa kowa, a yi addu'a a shafa. In akwai mai taurin kai, ki sa kawu ko baffa ko liman ya zauna a wurin. Abin da ƙanwa ba za ta iya faɗa wa wanta ba, babba zai faɗa cikin lumana. Kuɗin kuma ya shiga hannu ɗaya da littafi ɗaya, a riƙa nuna rasit. Na ga gidaje da yawa da ciwon tsoho bai raba su ba, amma zargin kuɗin magani ya raba su.

In jinya ta kai ga kwanciya a asibitin Yalgado ko Bogodogo ko Tengandogo, kun san mai jinya ne ke sayo magani, shi ke kawo abinci, shi ke wanki. Mutum ɗaya ba zai kwana a kan tabarma ya wayi gari a wurin aiki ba, in ya yi kwana uku zai zama mara lafiya na biyu. A raba dare da rana. A ajiye ɗan littafi a gefen gado, duk wanda ke wurin ya rubuta abin da likita ya ce, da maganin da aka bayar, da ƙarfe nawa aka ba da shi, domin mai karɓar aiki kada ya tsaya tambaya. Haka a gida. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye yana bukatar a juya shi kamar bayan kowace awa biyu, in ba haka ba gyambo ya fito masa a baya da ƙugu, kuma jinyar gyambon ta fi juyawar cin lokaci nesa ba kusa ba. Maganin hawan jini da na ciwon sukari a sayi na wata guda, a sake saye tun da saura na mako. Ki tambayi likita ko akwai irinsa cikin magungunan CAMEG masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa a asibitin unguwa. Ki san kantin maganin da ke gadin dare a makon nan kusa da ke. Takardun asibiti duka, da na gwaji da na hoto, su zauna a jaka ɗaya da kowa a gidan ya san inda take rataye.

'Ya'yana maza, yanzu da ku nake. Wankan ubanka da kai shi bayan gida, kai ya fi dacewa da su, don shi ma ya fi sakewa da kai fiye da surukarsa. Uwar Muminai A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yi wa iyalinsa hidima a gida har lokacin salla ya yi. Ban hana ku zaman shayi ba, na san a nan ake jin labarin aiki da na kasuwa. Amma zaman da ke farawa bayan isha'i ya kai tsakar dare, in ka yanke awa ɗaya daga ciki ka duba karatun yara ko ka zauna da tsohuwarka, matarka za ta samu ta miƙe bayanta. Kai yara makaranta a babur ma aiki ne da za ka ɗauke mata kullum, ba sai ranar da ta roƙe ka ba.

Sai maƙwabta. Tunda an raba mu da na da, sai mu yi sababbi. Maƙwabciyarki 'yar Mosawa ce ko 'yar Fulani, Musulma ce ko Kirista, in 'ya'yanku makaranta ɗaya suke, ki kai da safe ta ɗauko da yamma. Ki fara da gaisuwa da kwanon tuwo, sauran zai biyo.

Tsarin yini kuwa, Allah ya riga ya yanka mana shi da salloli biyar, sai ki ɗaura kowane aiki a jikin wata salla don kada kanki ya yi ta lissafi. Mafi albarka a ciki shi ne bayan isha'i, domin safiya a daren jiya ake gyara ta: kayan makaranta a fito da su, jakunkuna a haɗa, wake a jiƙa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da famfon ONEA ke ɗaukewa, wutar SONABEL ma ta riƙa zuwa tana tafiya, duk sa'ar da kika ga ruwa ki cika randa da jarkoki, duk sa'ar da kika ga wuta ki yi guga da cajin waya. Magani kaɗai ne ba a ɗaura shi da salla in likita ya sa masa awa, domin lokutan salla suna motsawa. Wannan ki sa wa waya ƙararrawa. Cefane kuma ba sai kullum ba. Rana ɗaya a mako ki je kasuwar Sankaryare ko ta unguwarku ki haɗo daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da busasshen kifi, ki kai niƙan masara na mako. Waɗannan ba ruwansu da firiji. Ki ajiye ɗan gawayi saboda ranar da gas zai ƙare tukunya na kan wuta. Ranar da kika gaji, ki sayo wake da shinkafa a bakin titi ki ba yara. Babu wanda zai tambaye ki a kan wannan gobe kiyama.

Ga yara ƙanana, jinkiri shi ne babban ɓarawon lokaci. Tun 2016 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki a asibitocinta. In jikin yaro ya yi zafi, ki kai shi a ranar. Safiya ɗaya a layin asibitin unguwa ta fi mako guda a asibitin yara na Charles de Gaulle. Da damina, masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suna bi gida-gida kowane wata. Su za su ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannunki yake, kada ki manta.

Ki kuma san haƙƙinki. Dokar ƙwadago ta 2008 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, ta kuma ba ta har awa ɗaya da rabi a rana don shayarwa bayan ta koma aiki. Ki nema cikin ladabi, a rubuce. Ranar ganin likitan tsohonki, ki sanar da shugabanki tun da wuri, domin wanda aka gaya wa tun makon jiya ya fi wanda aka kira da safe sauƙin hali. 'Yar kasuwa ba ta da wannan doka, abin da take da shi abokiyar rumfa ce da adashi, sai ta riƙe su da amana.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Kada a ce an samu sauƙi ta hanyar zaunar da babbar 'ya a gida ta yi reno da jinya. Dokar ƙasar nan ta 2007 ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16, kuma ko babu doka, zalunci ne a biya bashin gida da ƙuruciyar yarinya. Ta yi aiki daidai ƙarfinta, ƙannenta maza ma su yi shara da ɗiban ruwa, amma da safe kowa ya ɗauki jakarsa. Haka 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye. Ita ma wata ce ta haife ta, tana da haƙƙin barci da ladanta a kan lokaci.

Zumunci ibada ne, amma ba kowane biki ne ya zama dole a yini ba. Gaisuwar mutuwa ki je, ko da minti goma ne. Suna da ɗaurin aure, in mako ya cushe, ki aika gudummawa ki kira ki ce, "Ku yi haƙuri, ina jinyar Inna." Mai hankali zai sa miki albarka, wanda ya ji haushi kuwa zai huce.

Sannan ki huta. Salmanul Farisi ya taɓa ziyartar Abu Darda, ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare ya bar iyalinsa, sai ya sa shi ya ci abinci ya yi barci, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa, kuma Annabi ya gaskata Salman. In nafila ba ta halatta wa mutum ya kashe jikinsa ba, ina ga wanki da guga? Ranar da kika ji kin fara daka wa tsohuwarki tsawa, ko kin manta ko kin ba ta magani, ko hawaye na zubo miki babu dalili, to gajiya ce ta kai maƙura, ki kira wani ya karɓe ki a ranar. In kin kai ta awon jini, ke ma ki miƙa hannunki a auna. Cikin zafin Afrilu, in kin ba ta ruwa, ke ma ki sha.

'Ya'yana, kada ku jira sai wani ya faɗi. Juma'ar nan in an sauko daga masallaci, ku kira 'yan'uwanku ku sa ranar zama, ku zo da littafi da biro. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a, ya yi muku albarka.