Kada ka sayi ɗan biri mai ganga

Sintiri nake yi a Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a Najeriya, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa har bakin iyakar Kamaru. Nan ne ɗaya daga cikin sauran wuraren da biri mai ganga, wato cimfanzi, ke samun sakewa. Irin na Najeriya da Kamaru shi ne mafi ƙaranci cikin iri huɗu na Afirka, masana na ƙiyasin ba su wuce 9,000 ba. Mu kanmu ba kasafai muke ganinsu ba. Sai dai mu jiyo suna dukan saiwar manyan itatuwa, ko mu tarar da shimfiɗar ganyen da suka kwana a kai can saman bishiya, ko tsinken da suka zura a rami suka ɗebo kwarkwasa.

Gobarar daji da saran madobiya da haƙar ma'adinai duk suna cin mazauninsu. Amma yau da mai sayen 'ya'yansu nake magana.

Uwa ba ta sakin ɗanta sai an harbe ta, manyan garken da suka taso kare ta su ma sukan sha harsashi. Ga shi haihuwarsu ba irin ta awaki ba ce. Mace kan kai wajen shekara 13 kafin ta haifi na fari, daga nan kuma ɗa ɗaya duk bayan shekara biyar ko shida. Garken da ya rasa uwaye biyu ko uku zai daɗe bai farfaɗo ba.

Masu saye kan ce tausayi ne ya kama su, sun ga ɗan birin a kwali yana kuka. Na yarda da niyyarsu. Sai dai kuɗin nan shi ke sayo wa maharbi harsashin gobe. Ɗan birin kuwa, kafin ya shekara takwas ya fi ƙarfin maigidan, sai sarƙa da keji. Mura da tarin ɗan Adam na iya kashe shi, shi ma yana iya sa wa yaran gida cuta.

Dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 ta haramta kama shi da cinikinsa. In ka ga ana tallarsa, a tasha ko a Facebook, kada ka taya. Ka lura da wurin, ka sanar da ma'aikatan gandun daji. Ƙungiyar Pandrillus a Kuros Riba da cibiyar Limbe a Kamaru suna rainon irin waɗannan marayu, kodayake da wuya su sake komawa daji.