Bututun Ƙarfe Maras Tsatsa: Abin da Harafin Ƙarshe Ke Nufi

Hakimai da malamansu na ƙasashen Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa sukan sa ido a kan aikin rijiyoyin burtsatse. Saboda haka ya kamata su iya karanta lambar da ake bugawa a jikin bututu.

Ƙarfe maras tsatsa, wanda Harry Brearley ya fara narkawa a Sheffield ta Ingila cikin 1913, gauraye ne. Irin da ake kira 304 yana da kuromiyam wajen kashi 18 cikin ɗari, da nikel kashi 8. Kuromiyam ɗin shi ke hana tsatsa. Akwai kuma kabon, watau asalin gawayi, ɗan kaɗan ƙwarai, amma a kansa bambancin yake. A cikin kilo 100 na 304 zalla, kabon ba ya wuce giram 80. A 304H yana tsakanin giram 40 da 100. A 304L kuwa iyakarsa wajen giram 30.

Mai jin "yawan kabon" yakan zaci ya sami mafi kyau. To, ba haka ba ne a aikin ruwa. An yi 304H don tukwanen tururi da matatun mai, inda zafi ke wuce digiri 500, gama kabon na hana ƙarfe saki cikin wuta. Ruwan rijiya bai san wannan zafi ba. Har wa yau, in mai walda ya haɗa bututu biyu, zafin yakan sa kabon ya kama kuromiyam ɗin da ke gefen ɗinkin. Wurin sai ya rasa makarinsa. Ranar da aka gama aiki ba a ganin kome. Sannu a hankali tsatsa ke cinsa, can ƙarƙashin ƙasa, har ya ɓule, mata su koma ɗibar ruwan kududdufi, kuɗin jama'a kuwa sun tafi.

Don haka duk inda za a yi walda, 304L ya fi dacewa. In ruwan wurin na da gishiri-gishiri, a nemi 316L.

Ido ba ya rarrabe su, mayen ƙarfe ma haka. Kafin a zura bututu, malamin hakimi ya kwafe lambar duka, har da harafin, cikin littafinsa, ya gwada da takardar shaidar masana'anta wadda ɗan kwangila zai kawo. In sun saɓa, a dakatar da aiki, a sanar da injiniyan ruwa na ƙaramar hukuma.