Wa Zai Biya Kuɗin Renon Itace?

'Yan'uwa, kowace shekara idan damina ta zauna mukan ga an yi bikin dashen itatuwa. Manya su zo, a kafa rumfa, a dasa darbejiya ko mangwaro, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. In muka koma wurin a watan Maris, sai mu tarar da busassun sanduna: akuya ta cinye ganye, gara ta gama da saiwa. Mu ma mun yi irin wannan a filayen majami'unmu da na makarantunmu. An kashe kuɗi kam, amma duka a rana ɗaya aka kashe shi, alhali kuwa ɗan itace yana bukatar ruwa da shinge da mai dubawa har rani biyu ko uku. Darasinmu na wannan karo a kan haka yake: me ya sa ayyukan kiyaye muhalli suke wuyar samun kuɗi, kuma ina ya kamata ɗan abin da aka samu ya shiga?

Abin da ke korar kuɗi

Babbar matsala ita ce lokaci. Mai shago yakan ci bashi ya saro kaya, cikin wata uku ya sayar ya biya. Mangwaro mai aure kuwa sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya ba da 'ya'ya na kirki, gawo da ɗorawa sun fi haka daɗewa. Bashi ba ya jiran itace. A ƙarshen shekarar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke karɓa. Wanda ya ci irin wannan bashi ya dasa lambu, kafin ya tsinki ɗan fari bashin ya ninka. Ga kuma batun jingina. Yawancin gonakinmu na gado ne, ba su da takarda, banki kuwa takarda yake tambaya.

Haka abin yake ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Kusan dukan kuɗinsa a ranar saye ake biya, daga nan rana ce ke yin aiki kyauta. Injin fetur yana da araha a kasuwa, amma kullum sai an ciyar da shi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 cikinsa ya ƙara faɗi. Talaka ya san wannan lissafi sarai. Abin da ba shi da shi shi ne kuɗin ranar farko, saboda haka yakan zaɓi abin da zai fi cin aljihunsa a ƙarshe.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba. Wanda ya dasa jerin itatuwa domin tare iska, gonar maƙwabcinsa ma ta huta, amma maƙwabcin ba zai biya ko kwabo ba. Amfanin na kowa ne, wahalar ta mutum ɗaya.

Alkawaran manya

A taron Kopenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin tara dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, domin taimakon ƙasashe matalauta a kan sauyin yanayi. Sai a 2022 aka ce an kai wannan adadi, kuma babban kaso nasa rance ne da za a biya. A Baku, a 2024, aka sake sa sabon buri na dala biliyan 300 a shekara kafin 2035. Marigayi Paparoma Francis, a wasiƙarsa ta Laudato Si' ta 2015, ya koyar cewa ƙasashen da suka fi gurɓata duniya su ne ke ɗauke da bashin muhalli. A ganinmu abin kunya ne mai bin bashi ya koma shi ake bi.

Kusa da gida, Tarayyar Afirka ta amince a 2007 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, mai tsawon kilomita kusan 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da ƙasa hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 kawai aka farfaɗo a cikin zirin shirin. A Janairun 2021 aka yi alkawarin fiye da dala biliyan 14 a birnin Paris. Nijeriya ma ta sayar da takardun bashi na musamman domin ayyukan muhalli, na naira biliyan 10.69 a 2017 da na biliyan 15 a 2019. Kuɗi ne masu yawa a kunne, amma hanyarsu daga ofis zuwa gona doguwa ce, ga masu tsayawa a hanya.

Darasin Maraɗi

Bari mu tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, inda aka yi aikin da ya fi duk waɗannan auki. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa a can wajen renon iri da dasawa, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sharewa kafin shuka ba ciyawa ba ce. Toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In manomi ya zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran, itacen zai tashi da sauri, domin saiwarsa ta riga ta kai ga danshi. Ba sayen iri, ba ban ruwa. Wuƙa ko gatari ya isa. Manoman can suna kiran wannan sassaben zamani.

Da fari an yi masa dariya, domin a wurin manomi gona mai tsabta ita ce wadda ba itace. A yunwar 1984 aka riƙa ba da abinci ga waɗanda suka bar itatuwa a gonakinsu. Da rabon abincin ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Mu lura da wannan sosai: an biya su, amma itacen bai zama nasu ba. A lokacin doka ta ɗauki itatuwa da yawa a matsayin na gwamnati, mutum yana iya biyan tara a kan itacen da ya tsiro a gonarsa. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara?

Waɗanda suka bar nasu ne suka ga amfani. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana gero rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. Mata suka sami itacen girki kusa da gida. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, abin ya bazu daga gona zuwa gona. Binciken da aka yi da hotunan sama a shekarun 2000 ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kada mu ce an yi shi ba kuɗi. An kashe, amma a kan malaman gona masu zaga ƙauyuka da kai manoma su gani da idonsu.

A namu gidan

Idan kwamitin majami'a zai yi dashe bana, ya rubuta kuɗin rani uku tun farko: shinge, ruwa, da ladan mai kulawa. In kuɗin na itace ashirin ne, kada a dasa ɗari biyu. A biya mai kulawa bisa yawan itatuwan da suka ga damina ta gaba, a kuma faɗa a gaban jama'a wa zai ci 'ya'yan.

Maganar kuɗin ranar farko kuwa, iyayenmu mata sun riga mu sanin maganinta. Adashin da Zumuntar Mata ke yi yana iya sayen injin hasken rana ɗaya, masu lambu su riƙa biyan haya, a tara a sayi na biyu. Haka rijiyar burtsatse da wani mai taimako ya gina mana: in ba a karɓar ɗan abu a kan kowace jarka ana ajiyewa domin gyara, ranar da famfo ya lalace sai a koma rafi. A riƙa karanta lissafin asusun a fili, yadda ake karanta na baiko.

Yanzu kuma akwai kamfanoni da ke zuwa da alkawarin biyan manoma saboda iskar da itatuwansu ke tsotsewa. Wasu na gaskiya ne. Amma irin wannan yarjejeniya takan ɗaure gona shekaru masu yawa, wani lokaci ashirin ko talatin. Kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a kai takardar wurin lauya ya karanta, a tambayi nawa ne zai isa hannun manomi, a wane wata, kuma me zai faru idan fari ya kashe itatuwan.