Haɗa Jeri Biyu a Kwamfuta: Kada 'Ya'ya Su Ɓace wa Uwarsu

Wata Malama, sakatariyar wata ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa, ta kawo mini kukanta. Ƙungiyarsu na da rassa a Kano da Katsina da Jigawa. Wakilai biyu ne suka turo mata takardu biyu na Microsoft Word, kowace da sunan jiha a sama, ƙananan hukumomi kuma jere a ƙarƙashinta, an ɗan tura su ciki. Shugaba ta ce a haɗe su wuri guda, a jera su bisa abacada kafin ranar taro. Malama ta liƙa takarda ta biyu a ƙasan ta farko, ta haskaka duka, ta danna maɓallin nan mai A da Z da 'yar kibiya. Abin da ya fito ya tayar mata da hankali. Ajingi ta Kano ta haye can sama, Auyo ta Jigawa na biye da ita, Bakori da Bichi da Birnin Kudu sun zama maƙwabtan juna. Ita kuwa Kano mai ƙananan hukumomi 44 ta faɗa tsakiyar takarda kusa da Kankiya, ba a san nata ba, ba a san na wasu ba.

Malama, kwantar da hankalinki. Idan ba ki rufe takardar ba, danna Ctrl da Z tare, komai zai koma yadda yake. Daga nan ki adana wani kwafi da sabon suna, ki yi aikinki a kansa, ki bar na asali ya huta.

Kwamfutarki ba ta lalace ba. Idonki yana ganin uwa da 'ya'yanta: Katsina uwa ce, Funtuwa da Daura da Malumfashi 'ya'yanta ne. Maɓallin jerawa bai san wannan zumunci ba. Abin da yake gani shi ne sakin layi, wato duk rubutun da ya ƙare a inda kika danna Enter. Kowane ɗaya a wurinsa mai zaman kansa ne, an tura shi ciki ko ba a tura ba. In kina son ki gani da idonki, danna Ctrl da Shift da 8, alamar ¶ za ta bayyana a ƙarshen kowane layi. Yawan alamomin nan shi ne yawan abubuwan da zai gauraya. Don haka aikin duka abu ɗaya ne: ki ɗaure kowane ɗa a bayan uwarsa tukuna, sannan ki ce a jera.

Amma kafin ɗauri akwai shara, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke gaggawa. Mutum biyu ne suka rubuta takardun nan, hannunsu kuwa ba ɗaya ba ne. Wannan ta rubuta Ɗambatta, waccan ta rubuta Danbatta. Wannan ta ce Haɗeja, waccan ta ce Hadejia. Ke kin san gari ɗaya ne, kwamfuta kuwa za ta ɗauke su garuruwa biyu, ta ajiye kowane a nasa wuri. Ki zaɓi rubutu ɗaya ki tsaya a kansa, ki danna Ctrl da H ki sauya sauran. Ki duba kuma ko akwai sunan da aka bar fili a gabansa, domin fili ɗaya tak ya isa ya fitar da suna daga sahu. Idan an buga lambobi da hannu a gaban sunaye, ki goge su. In kika bar su, lambar za a bi a jera, ba sunan ba, kuma idan aka ɗauke ta a matsayin rubutu, 10 da 11 za su riga 2 zuwa.

Hanyar farko ta ɗauri tana cikin Word ɗin kansa, kuma ta fi dacewa da takarda mai dogon bayani a ƙarƙashin kowane kai. Ki sa linzami a kan sunan kowace jiha ki danna Ctrl da Alt da 1, wannan zai mayar da shi babban kai, wanda Word ke kira Heading 1. Daga nan ki shiga View ki zaɓi Outline. Akwai wani ɗan akwati mai suna Show Level, ki sa shi a Level 1. Nan take 'ya'ya za su ɓuya, iyaye kaɗai za su rage a fuskar kwamfuta: Kano, Jigawa, Katsina, Kano, Katsina, yadda dai suka zo. Ki haskaka su, ki koma Home ki danna maɓallin jerawa. Kowace uwa za ta tashi da goyonta. Jigawa za ta hau sama da nata, Kano biyu su zauna kusa da juna, Katsina biyu su bi baya.

A nan ina roƙon ki da ki yi hattara sosai. Za ki ga Kano sau biyu, hannunki zai so ya goge ɗaya. Kada ki goge shi alhali 'ya'ya na ɓoye, domin duk abin da ke naɗe a ƙarƙashinsa tare za su tafi, kuma ba lalle ki lura ba sai an je wurin taro wata ta tashi tana tambayar ina reshensu. Ki rufe Outline tukuna, ki dawo fuskar da kika saba, ki ga komai a buɗe, sannan ki goge sunan jihar na biyu shi kaɗai. Bayan haka ki haskaka 'ya'yan Kano kawai ki jera su, ki yi wa Katsina haka, ki yi wa Jigawa. Jihohi uku, jerawa uku, ba wani abin wahala ba ne. Idan layi ɗaya ne ya kauce, sa linzami a kansa ki riƙe Alt da Shift, ki danna kibiyar sama ko ta ƙasa, zai taka a hankali har inda kike so.

Akwai masu amfani da Shift da Enter a maimakon Enter, don 'ya'ya su zauna cikin sakin layi ɗaya da uwarsu. Yana aiki, amma iyaye kawai yake jerawa, kuma warware shi daga baya wani aikin ne. Ba na ba ki shawararsa sai jerin gajere ne.

Hanyar da ni na fi amincewa da ita ita ce jadawali. Dalilina shi ne, a jadawali ba sai kin dogara da matsayin suna a takarda ba, kowane ɗa yana ɗauke da sunan uwarsa a jikinsa. Ki yi layin tsaye biyu, na farko jiha, na biyu ƙaramar hukuma, ki maimaita sunan jihar a kowane layi: Kano da Bichi, Kano da Gaya, Katsina da Jibiya, Jigawa da Gumel. Ko da a ce kuna da reshe a kowace ƙaramar hukuma ta jihohin uku, 44 na Kano da 34 na Katsina da 27 na Jigawa, layi 105 ne kacal. Idan rubutun na nan a shimfiɗe, ki raba jiha da ƙaramar hukuma da maɓallin Tab, ki haskaka, ki shiga Insert, ki taɓa Table, ki zaɓi Convert Text to Table. Da kin danna maɓallin jerawa, Word zai ba ki gurabe uku: wanda za a fara bi, wanda zai biyo, da na uku. Ki sa jiha a na farko, ƙaramar hukuma a na biyu. Idan jerinki hawa uku ne, da sunayen mambobi a ƙarƙashin kowace ƙaramar hukuma, ga gurbi na uku nan yana jira. Kada ki manta ki nuna masa cewa layin farko kai ne, in ba haka ba shi ma zai shiga sahu. Danna sau ɗaya, iyaye da 'ya'ya da jikoki duk sun jeru, kuma ko gobe aka turo takarda ta uku, sai ki zuba ta a ƙasa ki sake dannawa.

Mai amfani da LibreOffice Writer, wanda kyauta ake saukewa, zai sami irin waɗannan gurabe uku a ƙarƙashin Tools. Google Docs ba shi da maɓallin jera sakin layi, gara a kai aikin Google Sheets. Idan kuma sunayen sun kai ɗaruruwa, Excel ya fi, ga shi da maɓallin cire maimaici a ƙarƙashin Data. Sai dai lokacin cire maimaicin ki sa ya duba jiha da ƙaramar hukuma tare. A cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya akwai masu suna ɗaya: akwai Bassa a Kogi akwai Bassa a Filato, akwai Obi a Binuwai akwai Obi a Nasarawa. In kika ce ya duba suna kawai, zai jefar da ɗaya yana zaton ya taimake ki. Haka abin yake ga mambobi, sau nawa za ki sami Hauwa'u biyu masu sunan uba ɗaya a garuruwa daban?

Tunda na ambaci sunayen mutane: Hajiya da Malama da Alhaji da Dakta su sami nasu layin tsaye. In suka zauna a gaban suna, rabin ƙungiya zai taru a harafin H, sauran a M da A da D.

Yanzu ga inda abin ya fi shafar mu masu rubutu da Hausa. Abacadar da aka koya mana a firamare ba ita ce ta Turanci ba. Ɓ na bin B, Ɗ na bin D, Ƙ na bin K, sh na zuwa bayan an gama da s, ts bayan t, 'y bayan y. Bisa wannan tsari, Dala da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Doguwa za su gama wucewa kafin Ɗambatta ta shigo. Sumaila za ta riga Shanono. Takai da Tarauni da Tofa da Tudun Wada za su riga Tsanyawa. Kwamfutar da ke jerawa da ƙa'idar Turanci tana ganin sh da ts a matsayin haruffa biyu-biyu, don haka za ta sa Shanono gaban Sumaila, ta cusa Tsanyawa tsakanin Tofa da Tudun Wada. Haruffa masu lanƙwasa kuwa kowace manhaja da yadda take yi da su, shi ya sa duk lokacin da kika jera, ki nemi Ƙanƙara da Ƙafur da Ɗanja ki ga inda suka sauka, ki leƙa ƙarshen jerin bayan Z ma.

Wane tsari ya kamata ki bi? Idan takardar ta Hausa ce, Hausawa za su karanta, ni ina ganin a ba Hausa haƙƙinta. Ga dabarar da nake amfani da ita, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ki ƙara layin tsaye na wucin gadi, ki kwafi sunayen ki zuba a ciki. Ki haskaka wannan layi kaɗai, ki danna Ctrl da H, ki mayar da ɗ ya zama dzz, ƙ ya zama kzz, ɓ ya zama bzz, sh ya zama szz, ts ya zama tzz, 'y ya zama yzz, manya da ƙanana. Idan ya tambaye ki ko ya ci gaba da sauran takardar, ki ce a'a. Ɗambatta za ta koma Dzzambatta, abin ba kyan gani, amma dole ta zauna bayan duk wani suna mai D, tunda babu kalmar Hausa da ke farawa da dz. Ki jera, jiha a gurbi na farko, wannan layi a na biyu, sannan ki goge shi. Sunayen asali na nan lafiya lau, kuma sun jeru yadda malaminmu na aji ɗaya zai yarda.

Dabarar nan ba za ta yi aiki ba idan ƙ ɗin da kike gani ba ƙ ba ne a cikin kwamfuta. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa sun dogara da salon haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma sun yi wa adabinmu hidima ƙwarai. Irin waɗannan salo suna aron wani maɓalli ne su zana harafi mai lanƙwasa a kansa. Wasu sun ari q da x da v, wasu sun ari alamomin baka. Ido na ganin Ƙanƙara, kwamfuta na ganin Qanqara, sai ta kai ta bayan P. Gwajin mai sauƙi ne: ki haskaka sunan ki mayar da shi Times New Roman. In lanƙwasar ta tsaya, harafin na gaskiya ne. In ta rikiɗe ta zama wani abu, ki sauya shi. A Word, ki buga 0199 ki danna Alt da X, ƙ zai fito. Na ɗ shi ne 0257, na ɓ 0253. Manyansu kuwa 0198 da 018A da 0181. Idan wata takarda ta zo daga 'yan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram, za ki ga suna rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y, sai ki daidaita su zuwa ɗaya.

Shi wannan 'y yana da tarko nasa a Excel. Idan kika buga 'Yankwashi ta Jigawa da miƙaƙƙen apostirofi a farkon gurbi, Excel zai ɗauke shi a matsayin umarni ya ɓoye shi, ki ga Yankwashi kawai. Ki buga shi sau biyu, ɗaya zai tsaya.

Da kin gama, ki ƙirga. Takarda ta farko rassa nawa, ta biyu nawa, nawa kika cire don maimaici, nawa suka rage? Lissafin ya fito daidai kafin ki kai shagon buga takardu. Idan Shugaba ta fi son tsohon fasali na jiha a sama da 'ya'ya a ƙasa, ki kwafi jadawalin zuwa sabuwar takarda, ki mayar da shi rubutu ta Convert to Text, ki bar sunan kowace jiha sau ɗaya a sama, ki goge sauran. Jadawalin kansa ki adana shi da kwanan watan ranar a jikin sunansa, domin a kansa za ki zuba rassan da za a buɗe baɗi.