Ba ni da kuɗin lauya, zan iya kai ƙarar mijina kotu?

Tambaya: Wata takwas ke nan mijina ya daina ciyar da ni, ga duka, kuma ya rantse ba zai sake ni ba. Ina son rabuwa, amma ba ni da kuɗin lauya. Wata baiwar Allah, daga Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya kawo miki mafita. Kotun Shari'ar Musulunci ba ta wajabta ɗaukar lauya ba, da bakinki za ki yi wa alƙali bayani. Ki je wurin rajistaran kotun yankinku, ki shigar da ƙara, ki biya kuɗin sammaci, ki karɓi rasit.

Inda mata da yawa ke yin asara shi ne wajen faɗin buƙatarsu. Idan kika nemi khul'i, fansar kanki za ki yi, galibi da mayar da sadaki. Ke kuwa cutarwa kike kuka da ita, kuma a mazhabar Malikiyya, idan cutarwar ta tabbata alƙali na iya raba auren ba tare da kin biya ko sisi ba. Saboda haka ki tanadi hujja: maƙwabtan da suka taɓa shigowa rabiya, takardar asibiti, mai shagon da kike karɓar bashin gari wurinsa.

Alƙali zai fara neman sulhu, don haka ki tafi da waliyyinki. Kada gaggawa ta sa ki yafe riƙon 'ya'ya ko ciyar da su. Idan dukan bai tsaya ba, ki koma gidanku tun yau. In shari'ar ta yi miki nauyi, ki nemi ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, suna taimaka wa marasa hali kyauta.