Wasiƙa Zuwa Ga Ɗaliban Sassaƙa Masu Shirin Baje Koli

Baje kolin haɗin gwiwa shi ne karon farko da yawancin ɗaliban sassaƙa ke fitar da aikinsu daga ɗakin koyo zuwa gaban jama'a. A makarantu irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, garin da aka mayar da koyar da zane daga Ibadan a 1955, ɗalibi kan zaci cewa wahalar duk tana wajen ƙirƙiro siffa. Amma abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne lokaci. Yumɓu da siminti ba ruwansu da ranar da aka tsayar don buɗe baje koli.

Saboda haka lissafi daga ranar buɗewa yake farawa, a riƙa dawowa baya. Siminti yana buƙatar kwana 28, tare da yayyafin ruwa a kwanakin farko, kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Filasta kan daskare cikin ƙasa da sa'a guda, sai dai tana ɗaukar kwanaki kafin ta bushe ta karɓi fenti. Yumɓu kuwa ya fi su duka neman haƙuri.

Aikin yumɓu mai girma akan gina shi ne a kan ƙashi na rodi da waya. Idan za a gasa shi, tilas a cire ƙarfen, domin yumɓu yana ƙanƙancewa da kusan kashi 10 cikin 100 wajen bushewa da gashi, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, sai aikin ya tsattsage a kansa. Idan yumɓun ya fara tauri amma farce na iya shiga, sai a yanka aikin biyu da siririyar waya, a ƙwaƙule cikinsa har kaurin bango ya zo daidai da kaurin yatsa a ko'ina, a karce bakin yankan, a shafa kwaɓin yumɓu, a mayar a haɗe. A bar ƙaramar ƙofa inda tururi zai fita. Magina na Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, sun san wannan fiye da shekara 2000 da suka wuce: kawunan da suka bari holoƙo ne, an huda idanu da hanci da baki, an kuma cakuɗa yumɓun da tsakuwa ƙanana. Ɗalibin da ya daka tsingaro ya zuba garin a yumɓunsa, hanyarsu ya bi. Ya kamata duk mai wannan karatu ya je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya dubi irin waɗannan ayyuka da idonsa.

A lokacin hunturu iska kan busar da fatar aiki alhali cikinsa na da danshi. Maganinsa jiƙaƙƙen tsumma da leda, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan kullum. Idan aka kara bayan hannu aka ji sanyi, da sauran ruwa a ciki, kuma wuta ba ta yafe wannan: fashewa zai yi, ya kuma lalata na wasu da ke cikin tanda ɗaya.

Shi kuwa mai aiki da tarkacen ƙarfe daga wajen 'yan gwangwan, kada ya yi walda babu gilashin kare ido, ko da na minti ɗaya ne.

Game da siffar kanta, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun dage cewa a haɗa dabarun makaranta da abin da mutum ya gada a gida. Wannan nasiha ba ta tsufa ba. Ɗalibin da addininsa ya sa yake kauce wa siffanta mai rai bai rasa abin yi ba: ga dagi, ga zankwaye, ga bakan gizon da magini Babban Gwani ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya, duka siffofi ne masu tudu da kwari da suka cancanci nazarin mai sassaƙa.

Sai batun zama da abokan baje koli. Zauren na kowa ne. Tun kafin a fara aiki a auna faɗin ƙofa, a san nauyin abin da za a ɗauka da kuma mutum nawa za su ɗaga shi. Sassaƙa zagaya ta ake yi, don haka tana buƙatar fili ta kowane gefe, kuma bayanta ya samu kulawa kamar gabanta. Mazaunin da za a ɗora ta ya kasance mai ƙarfi, ba ya girgiza, bai kuma tare aikin wani ba. Takardar bayani ta ɗauki sunan mai aiki, sunan aikin, abin da aka yi shi da shi, da shekara.

Kafin aikin ya bar ɗakin koyo a ɗauki hotonsa ta fuskoki huɗu, a naɗe shi da katifar soso ko tsofaffin barguna, mai shi kuma ya zauna kusa da shi a cikin mota har a sauke.